Daga Ƙonni Zuwa Bayan Waya: Sansanonin Fursunonin Yaƙi na Jamus a Tarihin Iyakar Illela

Tsakure

Wannan maƙala tana duban sansanonin da Jamus ta tsare sojojin Afirka a cikinsu lokacin yaƙe-yaƙen duniya biyu, ta fuskar Illela da maƙwabciyarta Birnin Ƙonni. Hujjarta ita ce, layin iyakar da Ingila da Faransa suka daidaita tsakanin 1898 da 1906 shi ya raba samarin ƙasa ɗaya gida biyu. Na arewa Faransa ta kai su Turai, inda Jamus ke kama fursuna. Na kudu Ingila ta kai su Habasha da Bama. Saboda haka tarihin waɗannan sansanoni tarihin gida ne ga mutumin Illela, kuma takardun Kaduna kaɗai ba za su isa a rubuta shi ba.

Gabatarwa



Illela tana kimanin kilomita 85 arewa da birnin Sakkwato, kuma daga ƙofar iyakarta zuwa Birnin Ƙonni ɗan taƙi ne da ɗan kabu-kabu ke cinyewa nan da nan. Lahadi kasuwar Illela ke ci, Laraba ta Ƙonni, kuma fuskokin da za ka gani a karar shanu ta nan su ne za ka tarar can. Dillali ya yanka farashi da naira, mai saniya ya yi shiru yana juya kuɗin a zuci zuwa jika da dala ta sefa, sannan a tafa, a ce Allah ya sa albarka. Harshe ɗaya ne, kuma auratayya ta sarƙe gidajen tun kafin zuwan Nasara.

Wanda ya shigo Illela yana neman kangon sansanin fursunonin yaƙi ko guntun waya mai ƙaya zai koma hannu rabbana, domin sansanonin da zan yi magana a kansu suna Turai. Sai dai dubbai daga cikin waɗanda aka tsare a can, daga ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka aka ɗebo su, kuma Ƙonni tana cikin gundumomin da ake ɗibar sojan. Mu a Nijeriya, in aka ce Yaƙin Hitila, hankalinmu Bama yake tafiya, don a can mazan jiyanmu suka yi nasu yaƙin. A Kaduna ko Zariya wannan ba laifi ba ne. A Illela kuwa rabin labari ne, domin ɗayan rabin dangi yana ƙetaren layi.

Layin da ya raba ƙuri'a

Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla ranar 14 ga Yuni 1898 ta zana wani baka mai nisan mil 100, wato kimanin kilomita 160, kewaye da birnin Sakkwato ta arewa. Duk abin da ya faɗo cikin bakan rabon Ingila ne, kuma Ƙonni tana ciki. Wannan bai hana rundunar Voulet da Chanoine ƙone birnin da kashe jama'arsa a watan Mayu 1899 ba, alhali a takarda ba rabon Faransa ba ne. Ingila kanta ba ta ci Sakkwato ba sai 15 ga Maris 1903.

Faransawa ba su ji daɗin bakan nan ba, saboda ya tilasta wa ayarinsu da ke tashi daga kogin Kwara zuwa Damagaram ya zaga ta ƙasa marar rijiyoyi. A yarjejeniyar 8 ga Afrilu 1904 Ingila ta yarda ta ja layin kudu, kuma cikin abin da ta samu a musayar har da janyewar Faransa daga wasu haƙƙoƙinta na kamun kifi a gaɓar tsibirin Newfoundland, can kusa da Kanada. Aka kammala daidaitawa a 1906, sannan Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka bi ƙasa suna kafa alamomi har 1908. Ina roƙon a tsaya a kan wannan gaɓa. Da layin 1898 ya zauna, da saurayin Ƙonni da na Kalmalo ta ƙasar Illela hukuma ɗaya za su bi, kuma yaƙi ɗaya zai ci su. Cinikin kifi a wani teku da kakanninmu ba su taɓa jin sunansa ba yana cikin abin da ya sa aka rubuta ɗan Ƙonni a rajistar sojan Faransa.

Tsarin ɗaukar soja na ɓangarorin biyu ya sha bamban. Faransa ta fara ɗauka ta dole a 1912, ta tsananta a 1918 ƙarƙashin jagorancin Blaise Diagne, sannan dokar 30 ga Yuli 1919 ta mayar da abin na kowace shekara, ko da yaƙi ko babu. Myron Echenberg, a littafinsa na 1991, ya bayyana yadda ake yi. Kwamandan gunduma ya aika wa sarakuna su kawo samari. Likitan soja ya tuɓe su, ya auna, ya duba ƙirji da haƙora, ya ware masu lafiya. Waɗannan su ja ƙuri'a. Wanda lambarsa ta faɗo kashin farko ya tafi soja shekara uku, na kashi na biyu kuwa daga 1926 aka riƙa tura su aikin tilas. Sau da yawa ɗan talaka ko ɗan bawa ko wanda ba shi da mai tsaya masa shi ake miƙawa. Kason Nijar bai kai na ƙasashen da yanzu ake kira Mali da Burkina Faso ba, amma ga gidan da aka ɗauke wa majiyin ƙarfi ana dab da damina, ƙanƙantar kason ƙasa ba ta rage komai.

Mutumin kan iyaka yana da mafitar da na tsakiyar ƙasa ba shi da ita. Da an ji ƙishin-ƙishin ɗin zuwan masu auna samari, sai yaro ya bi hanyar gona da dare, gari ya waye masa a gidan kawunsa a ƙasar Ingilishi. Finn Fuglestad ya nuna yadda haraji da aikin tilas da yunwar 1931 suka riƙa kora jama'ar Nijar zuwa Nijeriya, kuma William Miles ya tarar da irin wannan tunawa a binciken da ya yi tsakanin Yardaje da Yekuwa, a iyakar Daura da Magarya. Ƙauyukan ƙasar Illela suna bakin wannan hanyar gudu.

Yaƙin farko a taƙaice

A Yaƙin Duniya na Ɗaya Jamus ta ɗauki fursunan Musulmi a matsayin jari. Bayan Sarkin Musulmi na Daular Usmaniyya ta Turkiyya ya yi shelar jihadi a Nuwamba 1914, sai ta tara Musulmin da ta kama daga rundunonin Faransa da Ingila a wani sansani na musamman a Wünsdorf, kudu da Berlin, ta gina musu masallaci a 1915, ta riƙa buga musu jarida, da fatan su juya wa iyayengijinsu baya. Ribar ba ta taka kara ta karya ba. A nan gida kuwa, wutar ta taso ta fuskar Kawusan, wanda ya kewaye barikin Faransawa a Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917 da goyon bayan Sanusiyya, har rundunoni daga Kano da Sakkwato suka tsallaka iyaka don dafa wa Faransa. A gabas kuma, a Kamaru, Jamusawa ne suka zama fursuna a hannun sojojin da yawancinsu 'yan Arewa ne, lokacin da Garwa ta faɗi a Yuni 1915, da kuma lokacin da Kyaftin von Raben ya sauko daga dutsen Mora a Fabrairu 1916.

1940: kamu da zaman waya

Kafin Yuni 1940 Faransa ta tara sojoji kimanin 100,000 daga Afirka ta Yamma. Duka sunan runduna ɗaya suke amsawa, Tirailleurs Sénégalais, ko da mutum Ba'adare ne ko Bazabarme ko Bamossi. Jamus ta far wa Faransa ranar 10 ga Mayu, kuma kafin a sa hannu a takardar tsagaita wuta ranar 22 ga Yuni, rundunar Faransa ta watse.

Farkon abin da baƙin soja ya fuskanta shi ne ko za a bar shi ya kai sansanin da rai. Tun shekarun 1920, lokacin da Faransa ta girke sojojin Afirka a yankin kogin Rhine, ake cusa wa Jamusawa ƙin baƙar fata, kuma gwamnatin Hitila ta hura wutar ana tsakiyar yaƙi. Raffael Scheck, a bincikensa na 2006, ya ƙiyasta cewa tsakanin 1,500 da 3,000 aka kashe bayan sun ajiye makami. A Airaines, ranar 7 ga Yuni, aka harbe Kyaftin Charles N'Tchoréré, ɗan ƙasar Gabon, don ya ƙi yarda a raba shi da sauran hafsoshi farare. A Chasselay, kusa da Lyon, aka ware baƙaƙe daga farare, aka kora su fili, aka buɗe musu wuta daga tankoki. Maƙabartarsu tana nan har yau, da jar katanga da aka gina bisa salon ginin ƙasa na Afirka ta Yamma.

Waɗanda suka tsira, an fara kai da yawansu cikin Jamus, amma kafin ƙarshen 1940 aka mayar da su yankin Faransa da Jamus ta mamaye, domin hukumar Hitila ba ta son baƙar fata a ƙasarta, tana kuma tsoron cututtukan ƙasashen zafi. Sansanonin da aka zuba su ana kiran su Frontstalag, kowanne da lambarsa: 133 a Rennes, 230 a Poitiers, 221 a Saint-Médard kusa da Bordeaux, 222 a Bayonne, 121 a Épinal. Alƙalumman da Armelle Mabon ta fitar na Afrilu 1941 sun nuna fursunoni 'yan ƙasashen mallaka kimanin 69,000 a sansanoni 22. Kusan 44,000 'yan Afirka ta Arewa ne, 15,777 kuma an rubuta su da sunan 'yan Senegal. Cikin wannan adadi na biyu ne ɗan Nijar yake, sunan wata ƙasa ya lulluɓe shi, kuma wannan lulluɓi yana cikin dalilan da suka sa muka daɗe ba mu neme shi ba.

Zaman sansani zaman yunwa ne da sanyi. Mutumin da ya tashi da fura da tuwon gero ya koma ga ɗan guntun burodi da romon ganye, a ɗakin katako, cikin hunturun da ya ninka ɗarin da ya sani. Tarin fuka ya yi musu mummunar ɓarna. Yawancinsu ba a cikin babban sansani suke kwana ba, an rarraba su ƙungiya-ƙungiya zuwa gonaki da masana'antu da saran itace a dazuzzukan kudu maso yammacin Faransa. Babban kukansu, ban da ciki, shi ne rashin jin ɗuriyar gida, saboda wasiƙa ba ta ƙetare teku sai da ƙyar. Léopold Sédar Senghor, wanda daga baya ya zama shugaban Senegal, ya zauna a Poitiers da Saint-Médard kafin a sake shi a 1942 saboda rashin lafiya, kuma rahoton da ya rubuta kan halin da ake ciki, wanda Scheck ya gano a ma'ajiyar takardun Faransa, ya yi maganar abinci da masu gadi da cin hanci a cikin sansani.

Dole a faɗi alherin da aka yi musu. Talakawan Faransa, musamman mata, sun riƙa jefa musu burodi ta saman waya, wasu suka ɗauki fursuna ɗaya-ɗaya suna aika masa ƙunshin abinci da tufa, wasu suka ɓoye waɗanda suka gudu. Addi Bâ, ɗan Gini, ya tsere ya shiga cikin masu yaƙin sunƙuru a tsaunukan Vosges, har Jamusawa suka kama shi suka harbe shi a Épinal ranar 18 ga Disamba 1943. Dole kuma a faɗi cin amanar. Daga farkon 1943 Jamus ta buƙaci masu gadinta a fagen Rasha, sai gwamnatin Faransa ta Vichy, mai ɗasawa da Jamus, ta ba da hafsoshin Faransa su tsare mata waɗannan fursunoni. Sojan da aka ɗauko daga gonarsa don ya kare Faransa ya wayi gari Bafaranshe ne ke gadinsa a madadin Bajamushe. A ganina babu wata hujja ta siyasa da za ta wanke wannan.

Illela a bakin daga

Yayin da waɗancan ke bayan waya, iyakar gida ta zama iyakar abokan gaba. Gwamna Janar Pierre Boisson a Dakar ya bi gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Jamus, Nijar ta bi shi, alhali Félix Éboué na Chadi ya bi Janar de Gaulle ranar 26 ga Agusta 1940. Daga nan har Nuwamba 1942, lokacin da Dakar ta koma ɓangaren Ingila da Amurka, tsallaka layi laifi ne mai nauyi. A Dakar, ranar 10 ga Nuwamba 1941, aka harbe Albert Idohou da Agoussi Wabi, mutanen Dahomey, bisa zargin haɗa baki da masu leƙen asiri da ke shigowa daga Nijeriya. Yadi da kananzir da sukari suka yi wuya a ƙasar Faransa, fasa-ƙwauri ya bunƙasa, kowane ɓangare yana sauraron abin da fatake ke kawowa na labari. A wannan zamani ne jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a Janairu 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta zama makamin Ingila na kashe jita-jita, a farkon sarautar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku.

An yi sansanoni a wannan yanki namu ma. Ingila ta rufe Kwalejin Gwamnati ta Umuahia ta tsare Jamusawa da Italiyawa a ciki, yawancinsu daga Kamaru, kafin makarantar ta dawo aiki a 1943. Hukumar Vichy kuma ta tsare matuƙan jiragen ruwan Ingila a Tumbuktu, inda kaburburan biyu daga cikinsu suke.

Kada a ɗauka ɓangaren Ingilishi tudun mun tsira ne. Tsakanin 1942 da 1944 an kwashi dubun dubatar talakawan Arewa ta hannun En'e zuwa aikin tilas a ramukan kuza na Jos, inda sanyi da cuta suka kashe da yawa, kamar yadda Bill Freund ya nuna. Ɗaukar soja kuma, ko da an ce ta ganin dama ce, hakimi da dagaci sun san adadin da Razdan ke jira. Sojojin Nijeriya suka yaƙi Italiya a Somaliya da Habasha a 1941, sannan Runduna ta 81 da ta 82 suka fuskanci Japan a Bama, abin da sunan Barikin Chindit na Zariya ke tuna mana. David Killingray ya nuna cewa cikin sojojin Ingila na Afirka ta Yamma akwai mutane da yawa 'yan asalin ƙasar Faransa. Ke nan wanda ya guje wa ƙuri'ar kwamandan yana iya ƙarewa a kogin Kaladan na Bama, wansa da ya tsaya kuma yana saran itace a ƙarƙashin bindigar Jamus.

Dawowa

Fitowa daga waya ba ta zama ƙarshen wahala ba. A Nuwamba 1944 jirgin ruwa mai suna Circassia ya taso daga Morlaix da tsofaffin fursunoni sama da 1,200, ya sauke su a Dakar, aka kai su barikin Thiaroye. Suka ce ba za su watse zuwa ƙasashensu ba sai an biya su albashin shekarun da suka yi a tsare. Da safiyar 1 ga Disamba sojojin Faransa suka buɗe musu wuta. Rahoton hukuma ya ce 35 suka mutu, wani rahoton ya ce 70, Mabon da wasu masana kuma suna ganin adadin ya kai ɗaruruwa. Sai a 2024 shugaban Faransa ya kira abin da sunansa, kisan kiyashi. Waɗanda suka isa gida sun ga soke aikin tilas a Afrilu 1946, amma dokar Disamba 1959 ta daskarar da fanshonsu a kan tsohon farashi, ba a fara gyara ta da gaske ba sai bayan 2006, lokacin da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Inda shaidar take

Rabuwar da aka yi wa ƙasa ita aka yi wa takardu. Ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana zuwa ma'ajiyar takardu ta ƙasa a Kaduna, da Gidan Arewa, da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu, ya karanta rahotannin Lardin Sakkwato da Ingilishi. Takwaransa na Jami'ar Abdou Moumouni ko ta Tawa yana karanta rahotannin gundumar Ƙonni da Faransanci a Yamai da Dakar. Razdan na ƙirga waɗanda suka shigo, kwamandan na ƙirga waɗanda suka gudu, kuma mutanen ɗaya ne. Sai an shimfiɗa takardun biyu a tabarma ɗaya lissafin zai fito.

Sunayen fursunonin kansu ba su ɓace ba. Tsakanin 1940 da 1941 an buga jerin sunayen fursunonin yaƙin Faransa kashi-kashi, da wurin haihuwa da runduna, kuma babban ɗakin karatu na Faransa ya ɗora su a intanet, kowa na iya dubawa daga wayarsa. Katunan fursuna ɗaya-ɗaya suna ma'ajiyar sojan Faransa a garin Caen, rahotannin masu ziyarar sansani kuma suna hannun ƙungiyar Red Cross a Geneva. Aikin yana son wanda ya san ƙasar, domin magatakardan Bafaranshe ya rubuta sunan mutum da na ƙauyensa yadda kunnensa ya ji, kuma ɗan Illela ko ɗan Ƙonni ne zai karanta ya gane garin da ake nufi.

Shaida mafi rauni ita ce ta baka. Wanda aka ɗauka soja a 1939 yana ɗan shekara 20, yau ya haura 100. Abin da ya rage yana bakin 'ya'ya da jikoki, da cikin akwatunan ƙarfe inda ake ajiye littafin soja da lambar yabo da takardar fansho, gara da damshi suna cin rabonsu kowace damina. Rufe iyakar da aka yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yuli 2023 a Nijar, sun nuna cewa damar zirga-zirga tana iya yankewa dare ɗaya.

Don haka ina kira ga sassan tarihi na Sakkwato da Tawa da Yamai su haɗa ɗalibai biyu-biyu, mai Ingilishi da mai Faransanci, a tura su ƙauyukan Illela da Ƙonni da na'urar ɗaukar magana, a yi hirar da Hausa, a ajiye kwafi a ɓangarorin biyu. Ina roƙon iyayenmu hakimai da dagatai su yi shela a masallatai da ranar kasuwa, duk gidan da ke da takardar tsohon soja ya fito da ita a ɗauki hotonta a mayar masa da abinsa nan take. Allah ya gafarta malamai, a sa wannan aiki cikin jerin batutuwan digiri na biyu tun daga zangon karatu mai zuwa.